Azumin da Aka Yi Domina

Kakuri, Kaduna
9 ga Maris, 1985

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar Mama? An gama tonon citta?

Ni lafiya lau, aikin masaƙa na tafiya. Sai dai kin san ƙwayar ciwon damuwar nan da likita ya ce kada in tsallake ko kwana ɗaya. Da Mama ta aiko a yi mini addu'a, Zumuntar Mata ta cocinmu suka sa azumin kwana uku, suka ce mai bangaskiya ba ya haɗa azumi da magani. Na ji kunyar musu, na ajiye ƙwayar.

Rana ta biyu jiri ya ɗebe ni a gaban inji, zare na ta tsinkewa. Na zauna ina kuka ba dalili. Foman, shugaban aikinmu, ya rubuta sunana, ga shi ana rage ma'aikata.

Na koma shan ƙwayar, amma nauyin damuwar nan ya dawo ƙirjina, ya ƙi tashi. Ran Lahadi suka tsayar da ni a coci in ba da shaidar na warke. Na bayar.

Allah ya kiyaye ku. Ki ce wa Mama addu'arta ta karɓu.

Ƙanwarki,
Kyauta