Huhun Goron Baba Ya Shiga Jami'a

Daga Salaga zuwa Bawku.

Zuwa ga babban yayana Alhaji Mumuni, gaisuwa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Da hannuna na rubuta wannan, ba wanda ya riƙe mini alƙalami.

Bayan haka, ɗanka Iddirisu ya zo na ɗaya a sashen kasuwanci na jami'a, da rubutunsa kan yadda marigayi Baba yake ɗaure huhun goro ya isa Bawku bai bushe ba. Ka ce ya dawo kasuwa kada boko ya raba shi da gado. Yaya, gadon ne ya ɗaga shi. Ina roƙo ka bari ya ƙare shekarar da ta rage.

A sa mu a addu'a, a gaida Inna.

Ni, ƙaninka Abdulai, na karanta takardar jami'ar da bakina, gaban Liman Seidu da Fuseini dillalin goro, wanda ya yi hawaye.