Esin Marsandin Baba da Idon Ja'afar

Argungu,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga Yayana Aminullahi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a wurin aiki. Inna tana nan Gwadangaji, ƙafar da ke damunta ta yi sauƙi, sai dai tun ranar Talata ba ta cin abinci. Ni kuwa ba zan ce maka lafiya lau ba, domin mijina Ja'afar yana kwance a asibiti a Birnin Kebbi, kuma ƙaninka Munzali ne ya kwantar da shi. Na gwada kiranka, na ga ba zan iya faɗa a waya ba sai kuka, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka san tsohuwar Marsandin Baba tana hannun Munzali tun da Baba ya rasu, kuma ka san yadda yake ji da ita, ko yara ba ya bari su jingina. To, tun shigowar zafin bana esinta, wato na'urar sanyaya cikin motar, ya fara wani irin hali. Idan aka hau titin Argungu ana gudu, sanyi har sai mutum ya ja mayafi, amma da an shigo gari an rage tafiya, ko an tsaya a bakin kasuwa, sai ya koma huci kamar bakin murhu. Da safe yana yi, da rana tsaka ya ƙi. Munzali ya kawo ta garejin Ja'afar, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu saboda surukuta. Ya ƙara gas, ya canza bel, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya zuba ruwan sabulu a kan bututu yana neman inda yake yoyo, bai samu ba. Kullum a gareji da sassafe ta yi sanyi, Munzali ya tafi yana murna, kafin la'asar ya dawo yana zufa yana masifa.

Daga ƙarshe Ja'afar ya ce abu ɗaya ya rage, a bar shi ya kwance ragar gaban motar, wannan mai ƙyalli da Baba yake gogewa da kansa kowace Juma'a, domin ya ga abin da ke bayanta. Nan Munzali ya yi tsalle ya dire, ya ce Baba bai taɓa barin sifana ta hau ragar nan ba, shi ma ba zai bari ba. Wai a gyara daga ciki. Na ce masa yaya za a yi wa mutum maganin ciwon haƙori ya ƙi buɗe baki, ya ce ba maganar mata ba ce. Ka san shi, tun yana ƙarami idan ya kafe sai dai a bar shi. Ban san wanda ya zuga shi a majalisarsu ba, amma sai ga shi ya fara yaɗawa cewa Ja'afar ya cire kwamfaresa ta asali, wato injin esin, ya sayar, ya ɗaura masa jabu. Mijina ya ji, ya haɗiye, ya ce don darajar Inna.

Ranar Talata da azahar na kai wa Ja'afar abinci gareji, ina tsaye sai ga Munzali ya shigo a guje, rigarsa sharkaf da gumi. Ashe ya ɗauko wasu manyan masu sayen shinkafa, esin ya mutu da su a tsakiyar gari, suka yi masa dariya suka sauka suka hau Keke. Ko sallama bai yi ba, ya cakumi wuyan rigar Ja'afar ya ce, "Ina kwamfaresar Baba da kac cire, ɓarawo?" Ja'afar ya ture hannunsa, ya ce ya sake shi gaban mutane. Yaya, da idona na ga ɗan'uwana ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen kwance taya. Ya kai duka na farko, Ja'afar ya goce, ƙarfen ya sauka a kan ragar motar ta tarwatse. Na biyu ya same shi a gefen ido na hagu. Na ji ƙarar, har yanzu ina jin ta. Ya faɗi kan gwiwa, jini yana bin yatsunsa yana zuba cikin kwanon abincin da na kawo.

Kafin in buɗe baki makanikai sun rufar wa Munzali da duka, wani da bel, wani da katako, suka fasa masa baki, suka yaga rigar. Rabi'u, ƙanin Ja'afar, ya ɗauko galan ɗin fetur yana rantsuwa sai ya ƙone motar da mai ita. Na faɗa kan Munzali na rufe shi da jikina, ban san na yi ba, har katako ya same ni a kafaɗa. Ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, amma nono ɗaya muka sha. Abin da ya tsayar da su shi ne wani da ya ce a duba gaban motar. Daga inda ragar ta fashe, buntun shinkafa ne yake zubowa. Aka sa hannu aka zaro shi dunƙule guda kamar tsohuwar katifa, ya toshe duk inda iska take shiga ta sanyaya injin esin.

Kai ma ka san daga ina ya fito. Duk lokacin girbi Munzali yakan kai motar har bakin masussuka a gonarmu ta Zauro, ya bar ta a kunne, ya zauna ciki yana shan sanyi yana kallon masu shiƙa ta gilashi don kada ƙaiƙayi ya taɓa shi. Fankar gaban motar kuwa tana ta zuƙar buntun. Shi ya toshe ta da kansa, kuma shi ya hana a buɗe a gani. Da ya ga buntun a ƙasa sai ya zauna daɓas a cikin baƙin mai.

A asibitin nan Argungu suka ɗaure idon suka ce a wuce Birnin Kebbi wurin likitan ido. Babu wata mota a kusa sai Marsandin, kuma Munzali ne ya tuƙa, bakinsa yana jini, yana kuka. Ina baya, kan Ja'afar a cinyata. Muka shiga cunkoson bakin tasha muka tsaya cak da rana tsaka, esin ko gezau bai yi ba, sanyi har ƙashi. Sai Ja'afar ya lalubi hannuna ya ce, "Nuriyya, kin ji sanyi ya dawo? Hwaɗa mai kayan Baba na nan, ban taɓa su ba." Jiya likita ya kira ni gefe ya ce idon ba zai ƙara gani ba.

Yanzu Munzali yana ɓoye a ɗakin Inna. Rabi'u ya ce duk inda ya gan shi sai ya cire masa ido shi ma, kuma na san shi, ba ya faɗa don wasa. Surukina, mahaifin su Ja'afar, ya hana a kai ƙara tukuna, ya ce yana jiran babban gidanmu ya zo da ƙafarsa, kuma tun da Baba ya tafi kai ne babba. Don Allah, Yaya, ka nemi hutu ka taho cikin makon nan, ka ɗauki Kawu Hodi ku je ku durƙusa, kafin yaran nan biyu su haɗu a hanya. Ni a tsakiya nake, gidan nan gidana ne, wancan ma gidana ne.

Ka gaishe mini da Anti Riskuwa, da su Hanifa da Abdulmuhaimin, Allah ya yi musu albarka. Inna tana gaishe ka, ta ce ka yi sauri. Idan za ku zo Argungu, ku shiga motar haya. Kada ku zo da Marsandin nan ƙofar gidan mijina.

Wassalam.
Ƙanwarka,
Nuriyya.