Allon da Bai Shiga Akwatin Imrana Ba

Lahadi, 6 ga Afrilu, 2025

Yau ma Imrana bai juyo ba. Tun da ya faɗo daga kan motar albasa a Aliero cikin Janairu ƙafafunsa suka daina jin komai, shi kuma ya ba bango fuska. Likitan Birnin Kebbi ya ce hannuwa lafiya, kai lafiya, amma in bai yarda ana zaunar da shi ba, gyambo zai cinye masa baya. Ya ƙi. Da safe na ji yana faɗa a hankali, wai da ma motar ta ƙarasa shi. Ƙanena ne, ni na goye shi. Wallahi tsoro nake ji.

Laraba, 9 ga Afrilu

Goggo, ƙanwar Baba, da ta taso daga Maiyama don jinya, ta sake kafa mana doka: majinyaci ba a yi masa musu, ba a tambayarsa shawara, ba a gaya masa abin da zai sa shi tunani. Gidan nan kowa raɗa yake yi. Ni da na ajiye karatuna na jami’a a Aliero don in zauna da shi, aikina bai wuce “sannu” da juya matashi ba.

Ina shara na ga kwalinsa a ƙarƙashin gado. Kayan haɗa kwamfutar wasan gem ne da ya daɗe yana tarawa ɗaya bayan ɗaya: baƙin akwati ɗan ƙarami, kamar kular abinci, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da katin hoto, da ram mai ba ta sauri, da ma’ajiyar da ake zuba gem a ciki. Na tuna yana cewa madabod kawai ya rage masa, wato allon da ake dasa sauran kayan a kai.

Juma’a, 11 ga Afrilu

Zan saya masa allon. Ba zan gaya masa ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na samu lambar Jibrilla, mai shagon kwamfuta a Sakkwato, a jikin kwalin katin hoto. Na karanta masa sunan furosesan. Ya tambayi girman akwati. To ina zan jawo akwati in buɗe a gaban mai shi? Sai na koma da tsintsiya kamar zan yi shara, na durƙusa, na zura hannu ƙarƙashin gado na auna shi daga waje da taƙi. Taƙi ɗaya da rabi, na ce masa. Sai ya ce, “Hajiya, da taƙi?” Na ce ni ba hajiya ba ce, kuma taƙina ba ya ƙarya. Bakina dai! Ya ce to akwai allon, ya faɗi kuɗinsa.

Baba ya ce a saya. Bai ma tambayi mene ne ba, ya ce duk abin da zai sa yaron nan ya ɗago kai.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Saƙon allon ya iso tasharmu ta Jega. Zafi kamar a toya ƙwai a kan keke napep.

Asabar, 19 ga Afrilu

Innalillahi. Yau na yi abin kunya.

Na jira ya yi barcin hantsi, na ja kwalin zuwa bakin ƙofa, na kwance murfin akwatin. Ashe ciki ba fili ba ne kamar yadda na zata, rumbun da ke ba kwamfutar wuta ya cinye kusan rabinsa. Na ɗora allon, ya yi tsaye a baki kamar faifai a kan ƙaramar tukunya. Na juya shi, na karkata, na ɗan danna. Sai na ji murya a bayana, da ƙarfi, irin wadda ban ji ba tun Janairu.

“Ke! Kar ki danna! Za ki karya shi!”

Ya juyo. Ya dogara da gwiwar hannu, idanu jajur. Ya ce wa ya ce in taɓa masa kaya, wa ya ce in sayo wanga ƙaton allo, akwatin ƙaramin allo ne, mini-ITX, santimita goma sha bakwai kowane gefe, ko makaho ya shafa ya san wannan ba zai shiga ba. Da ya ji da taƙi na auna, sai ya ce, “Yaya Jannatu, tabarma kika je saye?”

Goggo ta shigo a guje tana salati, tana cewa in ba shi haƙuri. Ban ba shi ba. Raina ya ɓaci, na ce to malam masani, da ka buɗe baki ai da an tambaye ka. Ya ce, “Wa ya tambaye ni? Tun da na kwanta wa ya tambaye ni ko da mi?”

Na mayar da allon cikin kwalinsa, na tura kayan ƙarƙashin gado.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Goggo ba ta yi mini magana. Shi kuma ya koma ga bango. Ina jin na ɓata komai.

Talata, 22 ga Afrilu

Na kai masa kunu, ban ce sannu ba. Ina fita ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Ki kira Jibrilla. Ki sa a lasifika.”

Jibrilla, Allah ya saka masa, ya ce tunda ba a ƙona komai ba zai musanya. Ƙananan allo iri biyu gare shi da suka dace da furosesan. Suka shiga yarensu, ni ina riƙe da waya kamar sandar makirfo. Abin da na tsinta: ƙaramin allo gurbin ram biyu kawai yake da shi, da gurbin katin hoto ɗaya, don haka abin da babu a jikinsa ba ka da inda za ka ƙara shi daga baya. Dole waifai, mai kama intanet ba da igiya ba, ya zo a haɗe, tunda da intanet ɗin waya muke amfani. Imrana ya yi ta nanata maganar ƙarfen sanyaya da ke rufe sassan wuta, wai a zafin Jega, cikin matsattsen akwati, allo marar shi dafuwa zai yi. Ya ce a turo hotuna, gaba da baya.

Wayar ta yi masa nisa daga kwance. Ya ce in sa masa matashi biyu. Goggo na bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafi ta koma madafa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Kwana nawa yana jujjuya hotunan nan. Jiya ya zauna har ya gaji, ya zage ni don na ce duk allunan kamarsu ɗaya. Gyambon da ya fito masa a baya ya fara bushewa, in ji mai wankin gyambo. Ba kullum ba ne dai. Ranar Alhamis bai ce wa kowa uffan ba, kuma na yi kuka a bayan rumbu.

Talata, 29 ga Afrilu

Ya zaɓa. Mai ƙarfen sanyaya, mai gurbin ma’ajiya biyu, ɗaya a gaba ɗaya a bayan allon. Na ce ma’ajiya ɗaya gare ka a kwali, na biyun mi za ka sa a ciki, ko don a wahalar da ni? Yana kallon hoton, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, “Baɗi zan ƙara. Gem ɗin yanzu cin wuri gare su.”

Baɗi. Haka kawai ya faɗe shi, kamar mai cewa a miƙo masa ruwa.

Na ce to, na fita in kira Jibrilla. Na daɗe a zaure ban danna lambar ba. Sai da na ji kalmar a bakinsa na gane ni ma tun Janairu ban ƙara lissafa shi cikin baɗi ba, ni da nake cewa kowa ya yi haƙuri zai tashi. Astagfirullah.

Bayan la’asar na kira Hanan, abokiyar ɗakina a Aliero, na tambaye ta ko an ba wata gadona a ɗakin kwanan ɗalibai. Ta ce yana nan. Tambaya kawai na yi.