Baƙon da Ya Sauka Cikin Kawu Sale

Maigidana Sani,

Ina gajiya, ya aiki, ya iyali? Mu nan Dutsin-Ma sai godiya. Ga kacici-kacici, ɗan boko: wa ya kwana cikin ƙanƙara ya tashi garau?

Kwanakin baya kawunka Sale na Kurfi ya ciro naman watanda daga firjin da ka aiko mini. Na ce, "Bari ya dahu." Ya ce, "Iya, sanyi ya kashe komi." Firjin da lantarki ke leƙowa kamar suruki mai kunya! Ya ɗan babbaka, ya cinye da jini-jini. Yanzu tuwon mutum biyu yake ci, wando na zamewa, har sai da aka kai shi asibiti.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida yara. Amsar kacici-kacicin ita ce ɗan tsila, tsutsar da aka gano a cikin kawunka a asibiti. Irin wannan sanyin ba ya kashe shi, sai dahuwa.

Kakarka,
Iya