Ba Ta Samun Fita

Rano, Litinin, 6 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga matar Mahdi, a Kahu.

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da mutanen gidan da kika zaɓa.

Wata bakwai ke nan da haihuwarki, ban ga abin da kika haifa ba. Kowace 'ya gidan ubanta take zuwa wankan haihuwar fari. Ke kika yi naki a gidan surukai, wai tunda mahaifiyarki ta rasu babu mai kula da ke a nan. Na sayi itace, na sa an gyara ɗaki, na roƙi gwaggonki ta zo ta zauna. Ba wanda ya tambaye ni. Shi ya sa ban je suna ba.

Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'ya'yan mutane a garin nan. Yau suna wuce ni a mota, ko hannu ba sa ɗagawa. Wannan na saba da shi. Ban dai zaci ta cikina za ta bi sahunsu ba.

Kada ki sa a kira ni a waya. Kunnen ya ƙara mutuwa. In kina da magana ki rubuta, ki ba Mato direba.

Mahaifinki,
Shitu

*

Kahu, Talata

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi. Yaya ƙarfin jiki, yaya kunnen? Mahdi yana gaishe ka, yana gona ana yankan dawa.

Baba, ka yi haƙuri, ka yafe mini. Wallahi mun shirya zuwa tun makon jiya, har na wanke kayanta. Sai dai yarinyar ba ta samun fita kwanakin nan. Inna, mahaifiyar Mahdi, ta ce a dakata sai ta fita tukuna. Muna neman addu'arka.

'Yarka,
Bara'atu

*

Rano, Laraba

Zuwa ga matar Mahdi.

Wa alaikumus salam. Na karanta. Wato jikar tawa ce ba ta samun fita, sai Inna ta ba da izini. Kulle aka yi wa jaririya? Ba Makka na ce a kai ta ba, Rano na ce. Ki gaya wa Inna na gode, ta riƙe abarta. Na fasa son ganin.

Allah ya bar zumunci, inda ya rage.

Shitu

*

Kahu, Laraba da yamma

Baba, assalamu alaikum.

Na tare Mato a tashar Kibiya don kada wannan ta kwana. Ba abin da nake nufi ke nan ba. Kunya ce ta hana ni rubuta maka kalmar. Baba, bayan gida ne ba ta yi. Sai ta yi ta nishi, fuskarta ta yi ja, ta ƙanƙame ƙafafu tana kuka, abin da zai fito ɗan ƙanƙane ne mai tauri kamar na akuya. Tun da muka fara ba ta kunun gero da madarar shanu abin ya soma. Wata maƙwabciya ta ce a tura mata sabulu, wata ta ce jiƙon kanwa. Inna ta ce zuma. Ni ban san na wa zan bi ba. Da Umma tana raye da na tambaye ta.

Ina jin tsoro, Baba.

Bara'atu

*

Rano, Alhamis

Ke yarinya,

Wa alaikumus salam. Kashi ne sunansa. Ki rubuta kashi. Ba a yi wa ciwo alkunya. Haka na yi ta faɗa wa ɗalibai suna rufe baki suna dariya, ashe a gidana ma ba a ji ba.

Ki saurara. Kada kowa ya kusance ta da sabulu ko kanwa. Zuma kuma sai ta shekara, ki faɗa wa Inna cikin ladabi, ki ce ni na ce, ta ji haushina ni. Madarar shanu a dakatar da ita. Na san gidan masu shanu ne, za su ga kamar an raina arzikinsu, amma cikinta bai kai ba. Nononki ya fi mata, ki yawaita ba ta. Kunun a tace shi sosai, a yi shi ruwa-ruwa. Bayan ta sha, ki ba ta tafasasshen ruwan da ya huce, 'yan cokula.

Ga gwanda nan a kwali wajen Mato, daga bishiyar bayan ɗaki. Na zaɓi nunannu. Ki cire 'ya'yan, ki dame tsokar da cokali har ta yi laushi, ki ba ta kaɗan safe da yamma. Mato ya ce, "Malam, duk wannan na jaririya ɗaya? Ai ko ni na ci sai na kwana a masai." Na ce ya taɓa ɗaya ya gani. Ki duba ko kwalin ya cika.

Sai abu na ƙarshe. Ki yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, ki kwantar da ita rigingine. Ki shafa man kaɗanya a tafinki, ki murza shi ya yi ɗumi, ki riƙa shafa cikin a hankali kina zagaya cibiya, daga damanta ki hau sama ki sauka hagunta. Sannan ki kama ƙafafun ki riƙa juya su kamar tana tuƙa keke. Ki yi mata hira kina yi, kada ta ga tsoro a fuskarki.

Za ki ce ina na san wannan. A kanki na koya. Ke ma haka kika yi da aka fara ba ki kunu. Ke ce ta fari, ba dama in ɗauke ki a gaban mutane, ko sunanki ba na faɗa. Sai in na dawo daga makaranta mahaifiyarki ta saki labule, ta miƙo mini ke, ta ce, "Malam, ga ɗalibarka, ta ƙi ba da amsa." In yi ta tuƙa miki keke, muna zuwa Kano muna dawowa, har ki ba da amsar a kan farin wandona. Ita kuma ta yi ta dariya har da hawaye. Allah ya jiƙanta.

Amma ki ji da kyau. In cikin ya kumbura ya yi tauri, ko ta fara amai, ko zazzaɓi, ko kika ga jini, ko ta ƙi nono, ki bar gwanda ki bar keke, ku tafi asibiti nan take. Haka ma in jibi ta yi babu sauyi. Kada ki jira a tashi daga gona.

Ki aiko mini da labari ko da layi ɗaya ne. Ina zaune a tasha.

Babanki

*

Kahu, Asabar

Baba, assalamu alaikum.

Alhamdu lillahi! Ta yi kashi. Ga shi na rubuta. Jiya bayan la'asar ina tuƙa mata keke, Mahdi ya ce ba haka ake ba, ya karɓa, ya ɗora ta a cinya. Ko Kibiya ba su kai ba ta sakar masa. Inna ta yi guɗa kamar an kawo amarya, ta ce, "Malamin nan na Rano, faɗansa da yawa, amma gwandarsa tana da albarka." Yau ma ta sake yi, mai laushi. Ta sha nono ta yi barci.

Za mu zo ranar Juma'a in Allah ya yarda.

Bara'atu

*

Rano, Litinin, 13 ga Nuwamba

Bara'atu,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya. Ki ba Mahdi da Inna haƙuri da na faɗo muku jiya babu sanarwa, na kasa jiran Juma'a. Ki gode mata da furar. A ci gaba da gwandar, kada a koma madara.

Jikata Afra'u goshin kakarta marigayiya ta ɗauko. Na lura kin ji kunya da ta ƙi zuwa wurina, kina ta cewa barci take ji. Ba barci ba ne, ƙiwa ce, kuma lokacinta ne. Ta fara sanin nata. Sau nawa na miƙa hannu, tana kallona tana cusa kai a wuyan Inna. Kada ki matsa mata ranar Juma'a, zan zauna daga nesa har ta gaji da kallona.

Akwai watannin da jariri yake yarda kowa ya ɗauke shi. Nata sun wuce, ban ɗauke ta ba.

Babanki,
Shitu