Tagar da Na Toshe

Litinin, 7 ga Yuli
Rubuta yadda na faɗa, maƙwabciya, kar ki gyara min baki. Nas ce ta ce in riƙa sa a rubuta abin da na gani a jikin jikana, ɗan marigayiya 'yata. To yau lafiya lau. Ya haɗiye ƙwayarsa, ya ce, "Tsohuwa, kika ƙara ba ni da ruwan ɗumi sakinki zan yi." Na ce sake ni mana, maigida, wa zai kwashe ka da wannan ƙaton kan? Bai daɗe da fara maganin ciwon da ya tafi da uwarsa ba. Sunan ciwon ke kaɗai kika sani. Kar ki rubuta shi.

Alhamis, 10 ga Yuli
Autana ya dawo daga wurin fasa dutse. Ya rame, tari kamar ana buga garwa. Wai ƙura ce. Ɗaki ɗaya gare mu, yaron kuma ya nace sai katifar kawunsa. Ga ruwa kullum, ga iska. Na toshe tagar da tsummoki, na rataya bargo a ƙofa, kar sanyi ya kama min yaro.

Lahadi, 24 ga Agusta
Zazzaɓi. Yaron ba ya cin abinci, da safe rigarsa sharkaf da gumi. Ƙwaya ko ɗaya bai tsallake ba, Allah shaida. To me kuma?

Talata, 2 ga Satumba
Asibiti. Nas ta saurari ƙirjinsa, ta daɗe. Ta ce, "Iya, akwai mai tari a gidan?" Na kalli takalmana. Ta ce ƙwayar tana danne wancan ciwon, amma garkuwar jikinsa ba ta gama tashi ba. Abin da zai wuce ɗan wani, shi a jikinsa zai zauna. "Kuna dai buɗe taga ko?"

Dakata, maƙwabciya, bari in sha ruwa.

Nas ta ce lallai in kawo mai tarin a gwada.

Laraba, 3 ga Satumba
Auta ya ƙi. "Inna, a kan ƙura za ki ja ni asibiti? Shi yaron nan me ke damunsa ne, kullum ƙwaya?" Na ce na ƙarin jini ne. Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Shi ya ɗauki gawar yayarsa, bai san abin da ya kashe ta ba. In ya sani fa? Ya daina cin kwano ɗaya da yaron, ya daina ɗora shi a wuya? Yaron ba shi da kowa sai mu biyu.

Juma'a, 12 ga Satumba
Tarin fuka ne. Sun kwantar da yaron a asibiti. Hannunsa kamar kara, sai da suka nemi jijiya. Ya ce, "Tsohuwa, na fasa sakin. Zauna."

Asabar, 20 ga Satumba
Yau Auta ke rubutawa, maƙwabciya ba ta nan. Ya je an gwada shi, shi ma tarin ne, an ɗora shi a kan magani. Kar ka tambaye ni yadda aka yi ka je, Auta, ai ka san abin da na faɗa maka. Yaron ya sha ruwa jiya, bai amayar ba. Likita bai ce komai ba tukuna.

Tsummokin na cire su. Wari suke yi, shi ke nan. Ruwa na fesowa har kan tabarmata, ƙasusuwana duk ciwo. A bar tagar a buɗe.

Sunan wancan ciwon? Rubuta mana, ƙanjamau. Me ka tsaya kallona?

Ka kuma rubuta cewa wani ya wanke rigunan yaron da hannunsa, ya shanya a bakin tagar. Ba ni ba ce.