Ƙofar Baranda a Buɗe

Charleston, 9 ga Maris

Zuwa ga Corinne Bonneau,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara. Kin nemi in faɗa miki abin da na gani game da mahaifiyarki, maƙwabciyata, kafin ki sayar da gidan ki kai ta gidan kula da tsofaffi a Atlanta. Ga shi yadda yake.

Kullum da la'asar takan buɗe ƙofar titi mai shiga baranda, ta tokare ta da tukunyar fure. Takan fito da shayi mai ƙanƙara da kofi biyu, ta zauna tana fuskantar lambu. Rana na faɗuwa sai ta rufe. Ranar Laraba wasu 'yan yawon buɗe ido suka leƙo, suka ɗauki hoton ginshiƙan. Ta miƙe tana yi musu sannu da zuwa, amma sun riga sun juya. Ban da su, ban ga wanda ya shiga ba.

Dillalin gidan da ya ce miki mantuwar tsufa ce ba ɗan garin nan ba ne. Kin san a unguwarmu buɗe ƙofar nan alama ce ta mai gida na karɓar baƙi. Hankalinta ƙalau yake. Waɗanda suka san ma'anar ne suka ƙare.

Ki huta lafiya.
Ansel Toomer

Atlanta, 15 ga Maris

Kawu Ansel,

Ina gaisuwa, yara ma suna gaishe ka. To, na kama ka! Barandarmu ba a ganinta sai ta tagoginka na arewa. Ba kai ne ka tsawatar min ina ƙarama ba, ka ce mai tarbiyya ba ya leƙen lambun maƙwabci ta wannan gefen?

Kuma wai waɗanda suka san ma'anar sun ƙare. Kai fa? Ka yi shekaru kana koyar da tarihin gidajen nan a jami'a, amma tun rasuwar matarka, Anti Maybelle, ka kasa tsallake katanga ɗaya.

Ni dai ba zan bar Mama tana zuba wa kujera shayi ba. Dillali zai dawo ƙarshen wata.

'Yarka,
Corinne

Charleston, 22 ga Maris

Corinne,

Ina amsawa. Maganarki ta yi zafi, amma ban sami abin musantawa a cikinta ba.

Jiya na sa kwat na shiga ta ƙofar. Tana ganina ta ce, “Ansel, ashe kana da ƙafa? Na ɗauka kai ne kawai aka manna a taga.” Na ce na zo duba ginshiƙin da ya fara ruɓewa. Ta ce, “Ni ce ginshiƙin. Zauna, ƙanƙara na narkewa.”

Ba mu yi magana mai yawa ba. Za ni gobe, da jibi. Ban ce ki fasa sayar da gidan ba, don ba hurumina ba ne. Roƙona ki zo da kanki kafin dillalin, kuma ki zo da la'asar.

Naki cikin girmamawa,
Ansel Toomer

Gyara ɗaya: na rubuta miki cewa kofi biyu take fitowa da su. Daga taga ne na ƙirga. Uku ne. Na ukun a kife yake a gefen tire, ta ce naki ne.